Kafin Ka Miƙa Wa Mai Shagon Nutso Kuɗinka Da Numfashinka

Ranar da na gaya wa kawuna cewa ina tara kuɗi don in koyi nutso a nan Legas, sai da ya yi dariya har ya ajiye komar da yake ɗinki. Mutumin Yawuri ne, masunci ɗan masunci, tun kafin a datse ruwan Kainji a 1968 gidansu daga kogin Kwara yake cin abinci. Ya ce, "Ɗana, yanzu har shiga ruwa ma sai an biya kuɗin makaranta? To ni wa ya ba ni takarda?" Na ce, "Kawu, ai naku daban ne. Ku da numfashinku kuke shiga ku fito da shi, ni kuwa tukunyar iska zan goya a baya, daga cikinta zan riƙa shaƙa." Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "To in haka ne, ka san wanda zai cika maka tukunyar."

A kan wannan magana tasa nake so in tsaya da 'yan'uwana ɗalibai. Na san wasu za su ce me ya haɗa ɗalibin Hausa da nutso. Amsa ita ce muna zaune a bakin teku, wasunmu kuma sun fara sha'awar abin, ko don nishaɗi, ko don jin cewa akwai aikin yi a cikinsa. Abin da na lura shi ne, duk wanda ya zo mini da zancen, tambaya biyu yake yi: nawa ne, kuma katin wace ƙungiya ake bayarwa? A nawa ra'ayin, waɗannan su ne tambayoyi na ƙarshe da ya kamata a yi. Wanda zai koyi nutso da tukunyar iska, wato abin da Turawa ke kira sukuba, mutum yake zaɓa da iskar da mutumin zai ɗura masa. Kati daga baya yake zuwa.

Sai na ɗan bayyana dalilin da ya sa na ce wa Kawu nasu daban ne, don in ba a fahimci wannan ba, sauran maganar za ta yi kama da tsoro kawai. Duk mita 10 da mutum ya yi ƙasa a cikin teku, nauyin da ke danne shi yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Wato a mita 10 ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu. Masunci irin na Yawuri, ko Bakaben da ke nuna bajinta a Matan Fada lokacin bikin Argungu, yana cika huhunsa a sama, iskar ta matse in ya yi ƙasa, ta koma yadda take in ya taso. Babu abin da ya ƙaru. Mai tukunya kuwa a can ƙasan yake cika huhunsa da matsattsiyar iska. In ya tsorata a mita 10 ya riƙe numfashi ya yo sama, iskar nan za ta nemi wurin da ya ninka huhunsa biyu, huhu kuwa ba balan-balan ba ne, yagewa yake yi. Ko a kwamin ninƙaya na otal mai zurfin mita 3 wannan yana iya faruwa. Shi ya sa doka ta farko ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi, wato kishiyar abin da duk yaron da ya tashi a bakin rafi ya saba da shi.

Haɗari na biyu shi ne iskar naitirojin, wadda ita ce kashi 78 cikin ɗari na abin da muke shaƙa. A ƙarƙashin ruwa takan narke ta shiga jini da tsoka. In aka taso a hankali sai ta fita ta numfashi, in aka yi gaggawa sai ta yi kumfa a cikin jiki kamar lemon kwalbar da aka girgiza aka buɗe. Daga nan sai ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko abin da ya fi haka. Da yawa za su tuna Harrison Okene, kukun jirgin Jascon-4 da ya kife a gaɓar Escravos a watan Mayun 2013. Ya yi kusan awa 60 a wani ɗan lungu mai iska, mita 30 a ƙarƙashin teku, kafin 'yan nutson da suka je ɗauko gawa su tarar da shi da rai. Duk da halin da yake ciki ba su fito da shi sarari kai tsaye ba. Sai da ya ƙara fiye da kwana biyu a ɗakin matsin iska ana rage masa nauyin kaɗan-kaɗan, don da an fito da shi nan take, fitowar ce za ta kashe shi.

Waɗannan abubuwa ba a koyonsu daga kati. Mutum ne zai tsaya a gabanka a cikin ruwa, ya sa ka maimaita har jikinka ya daina yi maka gardama.

Game da ƙungiyoyin kuwa, ba na ganin akwai abin ɗaga jijiyar wuya. Tun da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙa a Faransa a 1943, ƙungiyoyin koyarwa suka yi ta fitowa: BSAC a Ingila a 1953, CMAS a 1959, PADI a Amurka a 1966, SSI a 1970, da wasunsu. PADI ta fi yaɗuwa, shi ya sa tambarinta ne za ka fi gani a ƙofar shaguna. Amma darasin matakin farko kusan iri ɗaya ne a wurinsu duka, kuma shagunan duniya suna karɓar katin juna. A tsarin PADI, alal misali, akwai karatu da jarrabawa, da darasi 5 a kwami ko wani ruwa marar haɗari, da nutso 4 a buɗaɗɗen ruwa. Sai ɗalibi ya yi iyon mita 200 ba tsayawa, ko mita 300 da tabarau da bututu da takalmin iyo, ya kuma zauna a saman ruwa minti 10 ba tare da ya kama komai ba. In ya gama, an yarje masa ya yi ƙasa har mita 18 tare da abokin nutso. Wannan shi ne abin da ke rubuce. Ƙungiyar tana can wata ƙasa, ba ta ganin abin da ake yi a kwamin da kake. Abin da malami ya sa wa hannu shi take bugawa a kati.

Shaguna biyu na leƙa kafin in yanke shawara, ba zan kuma kama suna ba. Na farkon ya fi kyan gani nesa ba kusa ba: gilashi, sanyin na'ura, hotunan kifaye masu launi a bango. Saurayin da ke kan tebur ya yi mini alkawarin kati cikin kwana biyu, Asabar da Lahadi, a farashin da bai kai na ɗayan shagon ba. Na ce masa iyona ba wani mai ƙarfi ba ne. Ya ce ba komai, rigar da ake hura wa iska za ta riƙe ni. Ya miƙo mini takardar tambayoyin lafiya, ya nuna da bakin biro ya ce in bi layi in rubuta "a'a" a duka, don in na rubuta "e" ko sau ɗaya sai na kawo takardar likita, kuma ɓata lokaci ne. A nan jikina ya yi sanyi. Ban ce mugun mutum ne ba, ciniki yake nema, wataƙila ma da yawan waɗanda ya sallama suka zauna ba su taɓa samun matsala ba. Amma wanda ya fara koya maka tsallake ƙa'ida tun kana kan tudu, me zai hana shi tsallake ta a ƙarƙashin ruwa, inda ba ka ma san ƙa'idar ba balle ka ce an tauye ta?

Takardar lafiyar nan kuwa ta fi shafarmu fiye da Baturen da ya tsara ta. Tana tambaya a kan asma, da farfaɗiya, da ciwon zuciya, da ciwon kunne, da tiyatar da aka taɓa yi wa mutum, da juna biyu, don mai ciki ba ta nutso. Akwai kuma maganar jini. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar sikila. Mai cutar kanta, wato SS, likitocin nutso suna hana shi, don sanyi da wahala da ƙarancin ruwan jiki su ne ainihin abubuwan da ke tayar masa da ciwo. Mai AS kuma likita ne ya kamata ya duba shi ya ba shi shawara. Shagon da ke aiki a ƙasar nan bai damu ya san rukunin jinin ɗalibinsa ba, ni dai ban ga ta inda zan amince masa ba.

Shago na biyu a wani lungu yake, kusa da inda ake gyaran injin kwalekwale, ba shi da wani fasali. Matar da na tarar, wadda ashe ita ce malamar, ba ta yi mini maganar kuɗi ba sai da ta gama yi mini tambayoyi. Da ta ji batun iyona sai ta ce in je in yi wata guda ina koyo, in dawo ta gwada ni, in na ci sannan mu yi magana. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Amma da na roƙi ta nuna mini inda suke cika tukwane, ba ta yi wata-wata ba ta ɗauki mabuɗi.

A nan nake so mai karatu ya ba ni hankalinsa, don wannan shi ne abin da Kawu ya hango daga Yawuri. Tukunyar nutso ba oksijin zalla ake zuba mata ba kamar ta asibiti, yadda mutane da yawa suke zato. Iskar gari ce, injin ɗuri yake zuƙowa ya tace ya matsa ta har ma'aunin ya kai wajen 200, wato ninki 200 na nauyin iskar da muke ciki. Duk abin da ke yawo a bakin bututun da injin ke zuƙa, shi zai shiga tukunya. To mu kuwa mun san ƙasarmu. Ina shagon da ba shi da janareta? In bakin bututun yana kusa da salansar janareta, ko gefen da motoci ke tsayawa, ko inda ake tayar da injin kwalekwale, gubar hayaƙin nan da ke kashe iyali guda a ɗaki cikin dare ita za a ɗura maka. Kabon monoksaid ba ta da wari, ba ta da launi. A mita 30 kuma duk shaƙa ɗaya ninki huɗu kake ɗauka na abin da za ka ɗauka a sama. Ƙa'idar ƙasashen Turai ta iskar shaƙa ba ta yarda ta wuce kashi 5 cikin miliyan ba. Haka nan in injin ya tsufa ko an bar matatarsa ta ƙare, mai yakan bi iskar, kamar dai na mai faci da ke bakin titi, wanda taya ba ta damu da shi ba amma huhu ya damu.

A shagon matar nan, bututun ya bi bango ya hau can saman rufi, janareta kuwa yana ɗaya gefen gidan. Ta nuna mini littafin da suke rubuta ranar da aka canja matata, da takardar gwajin iska na baya-bayan nan. Ta juya tukunya ta nuna mini hatimin da ke wuyanta, mai ɗauke da wata da shekarar da aka gwada ƙarfinta. A Amurka da wasu ƙasashe duk shekara 5 ake wannan gwaji, ban da leƙa cikinta da ake yi a kai a kai don duba tsatsa. Ta buɗe iskar ta ce in shinshina, in na ji warin mai ko wani ɗanɗano kada in yarda da tukunyar ko ta wace ce. Duk wannan bai ɗauke mu minti 15 ba. Ban ga dalilin da zai hana mai neman koyo ya nemi a nuna masa ba, kuma yadda fuskar mai shago ta yi in ka tambaya, ita ma amsa ce. Gani ya kori ji.

Sai malamin kansa. A tambayi wanda zai shiga ruwa da kai, da sunansa, don sau da yawa mai daɗin bakin da ke kan tebur ba shi ne zai koyar ba. Kowane malami yana da lamba a ƙungiyarsa, kuma rajistarsa sabuntawa ake yi duk shekara. Ana iya duba lambar a shafin ƙungiyar na intanet a ga ko har yanzu yana da izinin koyarwa. A tambayi ɗalibai nawa yake ɗauka a lokaci guda. PADI ta yarda har mutum 8 ga malami ɗaya a buɗaɗɗen ruwa, amma wannan iyaka ce ta ruwa mai haske da kwanciya. Ruwan Legas sau da yawa gurɓatacce ne, musamman da damina, wani lokaci da ƙyar kake ganin wanda ke kusa da kai. Malamin da ya jera mutum takwas a irin wannan ruwa, shida daga cikinsu ba ya ganinsu. Ni in sun wuce uku ko huɗu ba zan shiga ba. A kuma tambaya: in na kasa wani darasi, me zai faru? Akwai cire tabarau a ƙarƙashin ruwa a mayar a fitar da ruwan da hanci, akwai lalubo abin shaƙa in ya kuɓuce daga baki, akwai karɓar iska daga abokin tafiya. Kusan kowa yana da wanda ke ba shi wuya. In amsar ita ce "ai kowa yana ci", to ba gwaji ake yi ba.

Tun da mujallar ɗaliban harshe ce, bari in ɗan ratse. Hausa ta yi wani abu da ya burge ni a nan. Daga saiwa ɗaya muka sami nutso, wanda mutum ke yi da niyya ya fito, da nutsewa, wadda ba a fata, da kuma nutsuwa, wato kwanciyar hankali. Malamar ba ta jin Hausa, amma da na fassara mata sai ta ce ai aikinta ke nan gaba ɗaya, don yawancin abin da ke halaka sabon ɗalibi firgita ce, kayan aiki ba su cika yin laifi ba. Nutsuwa kuwa ba ta samuwa a kwana biyu ana kallon agogo.

Tambaya ta ƙarshe ba ta da daɗin yi, amma a yi ta: in abu ya faru, me kuka tanada? Ya kamata a ga tukunyar oksijin ta agajin gaggawa a cikin jirgin da za a fita da shi, a cike, da wanda ya iya amfani da ita, don ita ce taimakon farko ga wanda kumfa ta kama. Ya kamata mai shago ya iya faɗa maka, ba tare da inda-inda ba, inda ɗakin matsin iska mafi kusa yake, da ko suna karɓar mutanen waje, da awa nawa za a yi kafin a kai. Irin wannan ɗaki ba a kowane asibiti ake samunsa ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce shagunan nutso a Nijeriya ba su taka kara sun karya ba, wane zaɓi ake magana? Wanda ke da hali ai gara ya tafi Masar, ya koya a Dahab ko Sharm el-Sheikh ko Hurghada, inda Bahar Maliya take garau kuma hukuma ke ba shaguna lasisi, ko ya tafi Zanzibar. Gaskiya ne ruwan can ya fi, ba a haɗawa. Sai dai mai yawon buɗe ido a gaggauce yake, tikitin komawa na aljihunsa, shagon ma ya san ba zai sake ganinsa ba. Ga kuma ƙa'idar da ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar 'yan nutso ta shimfiɗa, cewa a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya kafin a hau jirgin sama, awa 18 in an yi da yawa, wanda ke ƙara cinye kwanakin. Shagon gida kuwa za ka iya komawa mako bayan mako, a hankali, har abin ya zauna. Akwai ma hanya ta tsakiya da ƙungiyoyin suka amince da ita: ka yi karatu da darussan kwami a gida, malaminka ya ba ka takarda, ka je ka ƙarasa nutso huɗun a wani wuri. In kuwa shagon da ke kusa da kai irin na farkon nan ne kuma babu wani, shawarata ita ce ka haƙura ka ci gaba da koyon iyo. Teku ba za ta ƙafe ba.

'Yan'uwa mata da suka tambaye ni batun sutura, rigar nutso tana rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, akwai kuma hular da ke rufe kai. Neman malama mace ba abin kunya ba ne, a tambaya tun farko.

Masu hangen aikin yi kuma su yi hattara da wani nau'in daɗin baki. Katin matakin farko na nishaɗi ne. Ba ya sa a ɗauke ka aikin walda ko duba bututun mai a ƙarƙashin teku a yankin Neja Delta, wannan sana'a ce daban mai makarantunta, da watanni na horo, da takardun da kamfanoni ke nema. Okene kansa sai da ya shiga irin wannan makaranta kafin ya zama ɗan nutson sana'a a 2015. Haka kuma katin ba ya mai da kai mai ceto. Duk lokacin da jirgin ruwa ya kife a Kebbi ko Neja, kamar na Wara a 2021, masunta irin su Kawu ne ke fara faɗawa ruwa, kuma ina cikin masu burin a ce yaranmu sun sami horo da kayan aiki na wannan. Amma mai shagon da ya ce maka da katin mita 18 za ka shiga baƙin ruwan Kainji ka lalubo mutane, ko ya sama maka aiki a kamfanin mai, kuɗinka yake so.

Na yi watan nan guda ina zuwa kwami da sassafe kafin lacca. Ranar gwaji na cika mita 200 ɗin, ko da yake tsayin ƙarshe da ƙyar na kai bango. Yanzu ina darasi na uku, mu uku ne a ajin, kuma cire tabarau ya tsaya mini a wuya: da ruwa ya taɓa hancina sai in ji ina so in miƙe tsaye. Sau biyu ke nan tana mayar da ni baya, ba ta kuma ƙara mini ko kwabo ba. Na buga wa Kawu waya na ba shi labarin bututun da ya hau saman rufi. Ya ce in na zo hutu in taho da tabaran, akwai wata ƙugiya tasa da ta maƙale a gindin dutse tun bara.